Jarumin da Aka Ɗauka ta Ƙeya: Tarihin Gajeren Fim ɗin Beckett da Keaton



Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Yau za mu waiwayi wani gajeren fim da aka ɗauko ɗaya daga cikin fitattun fuskokin duniyar fim, aka biya shi kuɗi, sannan aka hana mu ganin fuskar tasa sai a ƙarshe. Sunan fim ɗin "Film", wato fim kawai, tsawonsa bai fi minti ashirin da 'yan kai ba, kuma an ɗauke shi a birnin New York na Amurka a shekarar 1964.

Wanda ya rubuta shi Samuel Beckett ne, ɗan ƙasar Ailan mazaunin Faransa, wanda wasan kwaikwayonsa "Waiting for Godot" ya fitar da sunansa tun 1953. Mai buga littattafansa a Amurka, Barney Rosset na kamfanin Grove Press, shi ya nemi ya rubuta fim, ya kuwa rubuta a 1963. Alan Schneider, wanda ya saba ɗora wasannin Beckett a dandamali amma bai taɓa ba da umarnin fim ba, shi aka danƙa wa aikin. Mai riƙe da kyamara kuwa gwani ne, Boris Kaufman, wanda ya ci kyautar Oscar da fim ɗin "On the Waterfront" na 1954. Saboda wannan aiki Beckett ya taka ƙasar Amurka, kuma zuwan nan shi ne na farko, shi ne na ƙarshe.

Da farko Charlie Chaplin aka so ya fito, hakan ba ta samu ba. Daga baya aka dawo kan Buster Keaton. Ga wanda bai san shi ba, Keaton na cikin sarakunan barkwanci a zamanin finafinan da ba su da murya. A shekarun 1920 shi ke tsara finafinansa da kansa, irin su "The General" na 1926, yana faɗowa daga sama, yana bin saman jirgin ƙasa, amma ko gezau fuskarsa ba ta yi, har aka yi masa laƙabi da mai fuskar dutse. Da ya koma ƙarƙashin kamfanin MGM a 1928 sai ikon aikinsa ya suɓuce masa, shan giya ya kama shi, tauraronsa ya dushe na tsawon shekaru. Lokacin da aka kira shi wannan aiki yana da shekara 68.

Ga abin da ke cikin fim ɗin. Wani tsoho cikin doguwar riga, ya rufe fuska da ƙyalle a ƙarƙashin hula, yana sauri a gefen wani dogon bango, kyamara na bin sa ta baya. Ya bangaji wani mutum da wata mata, mutumin zai yi magana sai matar ta yi masa "shhh". Wannan ne kaɗai sautin da ke cikin fim ɗin baki ɗaya. Da suka kalli kyamara ido da ido sai firgici ya kama su. A matakalar bene ma wata tsohuwa mai sayar da furanni ta kalle ta, ta zube ƙasa. Tsohon ya shige ɗaki ya kulle, ya shiga kawar da duk wani abu mai ido: ya ja labule, ya rufe madubi, ya fitar da kyanwa da kare, ya lulluɓe kejin aku da kwalbar kifi, ya yage wani hoto mai ƙwala-ƙwalan idanu da ke bango. Ya zauna a kujera mai lilo ya duba hotuna bakwai na rayuwarsa, tun daga jarirantaka, ya yayyage su. Da gyangyaɗi ya ɗauke shi sai kyamara ta zagayo gabansa. Ya farka ya ga mai bin sa, ashe shi ne da kansa, da ido ɗaya a rufe da baƙin ƙyalle. Ya sa hannu biyu ya rufe fuska.

Tushen labarin wata magana ce ta George Berkeley, malamin coci kuma masanin falsafa ɗan Ailan da ya rasu a 1753, wanda ya ce samuwar abu tana cikin a gan shi ko a ji shi. Beckett ya ɗauki wannan ya tambaya: idan mutum ya tsere wa idon mutane da na dabbobi, ya ɓace ke nan? Amsar fim ɗin ita ce a'a, akwai idon da ba a kulle masa ƙofa, na mutum a kan kansa. Abin lura a nan shi ne babu wanda ya tsaya ya yi mana wannan bayani da baki. Beckett ya mayar da shi doka ta aiki: ya raba mutum ɗaya gida biyu, mai kallo da wanda ake kallo, ya ce muddin kyamara tana baya, ba ta wuce kusurwar digiri 45 ba, tsohon ba ya jin ana kallonsa. Da ta ƙetare sai ya daskare don tsoro, ta ja da baya.

Aikin bai tafi sumul ba. An tsara a buɗe fim ɗin da titi mai mutane suna kai-kawo, aka kashe kaso mai tsoka na kuɗin a kansa, da aka wanke hoton sai aka tarar yana rawa, ba ya kalluwa. Babu kuɗin sakewa, sai aka zubar da shi, aka fara daga bango. Keaton kuma bai ɓoye cewa bai gane inda labarin ya dosa ba. Duk da haka, cikin zafin bazarar New York da kaya masu nauyi, ya yi duk abin da aka ce, sau nawa aka ce a maimaita. Wurin da ya fi kowane rai a fim ɗin, inda yake fitar da kyanwa kare ya dawo, ya fitar da kare kyanwa ta dawo, tsohuwar sana'arsa ce ta motsa. Ko ta ƙeya aka ɗauke shi, tafiyarsa da hannuwansa da shimfiɗaɗɗiyar hularsa sun isa a gane shi.

An nuna fim ɗin a bikin finafinai na Venice a Italiya cikin Satumbar 1965, inda jama'a suka miƙe tsaye suna yi wa Keaton tafi. Bayan wata biyar, ranar 1 ga Fabrairun 1966, ya rasu. Beckett ya samu kyautar Nobel ta adabi a 1969, bai kuma sake rubuta fim ɗin silima ba. Shi kansa ya ɗauki aikin a matsayin wanda bai cika yadda ya so ba, masu sharhi kuma har yau ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. A 2015 Ross Lipman ya fitar da "Notfilm", dogon fim kan yadda aka yi wannan gajeren.

To, mu me ya shafe mu? Da yawanmu idan muka zo nuna damuwar jarumi sai mu buɗe masa baki ya yi shafi uku yana faɗa mana yana cikin damuwa. Idan kuma rubutun fim ne, sai mu jingina da sunan wanda zai fito, mu bar labarin ya rame. Beckett ya samu fitacciyar fuska ya adana ta har minti na ƙarshe, shi ya sa da ta bayyana ta yi nauyi. Ya kuma ɗaure kansa da doka guda, ya bi ta har ƙarshe, dokar ta haifar masa da fargabar da ke riƙe mai kallo. Ba dole ne fim ɗin ya burge mu duka ba, wasunmu za su gaji kafin a shiga ɗakin, amma gani ya kori ji.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan mutum shi kaɗai a ɗaki, yana ɓoye wani abu. Kada ya furta kalma, kada mu faɗi abin da ke ransa, kada mu siffanta fuskarsa sai a layin ƙarshe. Mu ga wanda zai sa mu gane sirrin daga hannuwa kawai.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.