Tarihin Na'urar Gano Ƙarfe a Cikin Ƙasa, da Wadda Ta Dace a Saya

 Takardar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a ƙasar Katsina, manomi ne, yana kuma taɓa fataucin hatsi, ya roƙe mu mu sakaya sunansa. Ya ce bara yana huɗa a wata gonarsa da ke kan tsohon kufai, sai garma ta tono masa tsabar kuɗi guda uku masu huji a tsakiya, da guntun munduwa. Tun ran nan abin ya tsaya masa a rai. Yanzu wani dillali ya kawo masa na'urorin gano ƙarfe iri uku, da mai araha, da ta tsaka-tsaki, da wata mai tsada wadda aka ce tana hango zinariya daga nesa, shi kuwa har yana shawarar sayar da sansa na huɗa guda. Tambayarsa ita ce, wa ya ƙago wannan na'ura, da gaske ne ana samun dukiya da ita, kuma wacce zai saya?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ka ɗan riƙe igiyar san nan tukuna, ka ji tarihin abin, domin amsarka tana cikinsa.

Labarin ya faro ne daga ƙasar Amurka. Ran 2 ga watan Yuli na 1881 wani mutum ya harbi shugaban ƙasar, James Garfield, a tashar jirgin ƙasa ta birnin Washington. Harsashi ya maƙale a jikinsa, likitoci suka yi ta lalube ba su gano inda yake ba, a lokacin kuwa ba a san hoton ƙashi ba. Sai Alexander Graham Bell, mutumin nan da ya shahara wajen ƙago wayar tarho, ya haɗa wata na'ura ta naɗaɗɗun wayoyi wadda ke yin ƙara in ta kusanci ƙarfe. Sau biyu yana gwada ta a jikin shugaban, bai dace ba. Daga baya aka lura cewa gadon da majinyacin ke kwance yana da wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin katifa, su ne suka rikita na'urar. Ban da haka babban likitan ya nace a duba gefen dama kaɗai, alhali kuwa harsashin yana gefen hagu. Garfield ya rasu ran 19 ga watan Satumba na shekarar. Ka riƙe wannan fa, tun ranar farko ita na'ura ƙarfe kawai ta sani, ba ta san wanda kake nema ba.

Bayan haka wani Bajamushe mazaunin Amurka, Gerhard Fisher, ya sami takardar mallakar fasahar wata na'ura irin wannan a 1937, kamfanin da ya kafa kuwa ya shiga sayar da ita. Amma yaƙin duniya na biyu shi ya fito da ita fili. A 1941 wani hafsan sojan ƙasar Poland mai suna Józef Kosacki, wanda ke zaune a Birtaniya bayan Jamus ta mamaye ƙasarsu, ya ƙera na'urar gano nakiyoyin da aka binne, ya ba sojan Birtaniya kyauta. An kai guda 500 fagen daga na El Alamein a Masar cikin 1942. Nauyin kowacce ya kai wajen kilo 14. Da aka ƙare yaƙi sai aka yi gwanjon ragowar, mutanen gari suka saya suna yawo da su a gonaki.

Abin da ya rage mata nauyi shi ne abin da ya rage wa akwatin rediyo nauyi, watau taransista. Daga shekarun 1960 aka soma yin ƙanana masu aiki da batir, waɗanda mutum zai riƙe da hannu ɗaya. Charles Garrett ya kafa kamfaninsa a jihar Texas a 1964, kamfanin Minelab kuma ya kafu a Ostareliya a 1985. Daga nan neman tsofaffin kuɗi da kayan tarihi ya zama abin sha'awa a Ingila da Amurka, kamar yadda wasu a nan ke fita farauta bayan an kawar da amfanin gona.

Game da ko ana samun dukiya kuwa, i, an taɓa samu, ga misalai biyu daga Ingila. Ran 16 ga watan Nuwamba na 1992, a ƙauyen Hoxne, wani manomi ya ɓatar da gudumarsa a gona, ya kira abokinsa Eric Lawes, dattijon da ya yi ritaya aka ba shi na'ura kyautar sallama, ya zo ya taya shi nema. Maimakon guduma sai ga cokulan azurfa da kuɗin zinariya na zamanin Rumawa. Da Lawes ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya dakatar da haƙa, aka sanar da 'yan sanda da hukuma. Kashegari masana suka zo suka kwashe kayan a tsanake, tsabar kuɗi 14,865 da wasu kaya kimanin 200, har suka gane cewa a cikin akwatin katako aka binne su shekaru wajen 1,600 da suka wuce. An biya shi ladan fam miliyan ɗaya da dubu 750, ya raba da abokin nasa. Ita ma gudumar an same ta, aka kai ta gidan tarihi na London tare da kayan.

Na biyu, a watan Yuli na 2009 wani mai suna Terry Herbert ya gano zinariya wajen kilo 5 a wata gona a yankin Staffordshire, yawancinta adon takubban sarakunan da. An yi mata kuɗi fam miliyan 3 da dubu 285, aka raba biyu tsakaninsa da mai gonar. Na'urar da ya yi aikin da ita tsohuwa ce. Amma kafin wannan rana ya shekara 18 yana yawo da na'ura a gonaki.

To Malam, ka dubi labaran nan da kyau. Babu wanda tsadar na'ura ta kai shi ga dukiya a cikinsu. Kayan ba su da zurfi, garma ma ta riga ta taɓa su. Dukansu biyu da yardar mai gona suka shiga, kuma suka kai rahoto. Sa'an nan a bayan kowane ɗayansu akwai dubban mutane da suka ƙare da ƙusoshi da marafan kwalba. Akwai ma wasu biyu da suka tono dukiya a Herefordshire a 2015 suka ɓoye suna sayarwa a asirce, kotu ta ɗaure su shekaru masu yawa a 2019. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Yanzu sai batun saye. Wadda aka ce maka tana hango zinariya daga nesa, mai ɗan tsinke kamar eriyar rediyo yana juyawa, ka rabu da ita, babu gwajin kimiyya da ya taɓa tabbatar da irinta. Wani Bature ɗan Ingila ya sayar wa ƙasar Iraƙi makamanciyarta a kan tana gano bama-bamai, aka buɗe aka tarar fanko ce, aka ɗaure shi shekara 10 a 2013. Akwai kuma na'urorin gaske masu tsadar dubban daloli, irin waɗanda masu neman zinariya suka yi ta saye a Sudan, da kuma Djado a arewacin Nijar bayan an gano zinariya can a 2014. Waɗannan don ɗanyar zinariya aka yi su, ba su iya rarrabe ƙarfe sosai ba, a kufai kowace ƙusa sai sun sa ka haƙa, ga shi kuma jabunsu sun cika kasuwa. Mai arahar can kuwa, ai ka san araha ba ta ado.

Saura ta tsaka-tsaki, wadda a ƙasashen da ake ƙera su kuɗinta kan kama daga wajen dalar Amurka 300 zuwa 700, kafin a sa kuɗin dako da na kwastan. Kamfanonin da aka sani a wannan aji sun haɗa da Garrett na Amurka, da Minelab na Ostareliya, da Nokta na Turkiyya. Yadda take aiki shi ne, a cikin faifan nan da ake shafa ƙasa da shi akwai naɗin waya biyu, ɗaya yana aika maganaɗisu cikin ƙasa, ɗaya yana sauraron abin da ya dawo. Abubuwa biyar za ka duba.

Na farko, ta kasance ana iya daidaita ta da irin ƙasar wuri. Jar ƙasa da marmara irin tamu suna da sinadarin ƙarfe a cikinsu, na'urar da ba ta da wannan maɓalli sai ta yi ta kuka ba dalili. Na biyu, ta iya rarrabe baƙin ƙarfe da tagulla da azurfa, ta nuna lamba a fuskarta, ta kuma canza murya. Na uku, zango. Kamar yadda rediyonka ke da gajeren zango da matsakaici, haka ita ma. Na ƙasa ya fi jin manyan kuɗin azurfa, na sama ya fi jin ƙananan abubuwa, yanzu kuwa akwai masu aiki da zango da yawa a lokaci guda a wannan farashi, in ka sami irinsu sun fi. Na huɗu, faifai. Mai faɗin inci 11 ya isa gona, amma a kufai mai tarkace ƙarami ya fi tsince abu. Na biyar, batir da ƙura. Wasu da ƙananan batura irin na tocila suke aiki, wasu sai an yi caji, saboda haka in garinku ba wuta ka yi tunanin wannan tun kafin ka biya. Wadda ruwa ba ya shiga cikinta ita ce kuma za ta jure ƙurar hunturu. Nauyinta kada ya wuce kilo ɗaya da rabi.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka tafi da aninanka, ka binne ɗaya a zurfin taƙi guda, ka binne ƙusa a gefe, ka ce dillali ya nuna maka bambancinsu a gabanka. Ka nemi lambar na'urar da takardar garanti. Ka sani kuma, tsabar kuɗi guda ɗaya ba a cika jin ta ba in ta wuce zurfin santimita 25 zuwa 30, ko da na'urar ta fi wannan tsada. Duk wanda ya ce maka tasa tana jin kwabo a zurfin rijiya, ƙarya yake yi.

Su kuwa kuɗin da ka tsinta, bisa ga kwatancinka anini ne ko kwabo na zamanin Turawa. An fara buga su a 1907, da huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci. Miliyoyi aka buga, don haka yawancinsu ba su da wani kuɗin kirki a wurin masu tara su, darajarsu ta tarihi ce. In ka ci karo da liyari, babban kuɗin azurfan nan mai hoton sarauniya Maria Theresa da fatake suka riƙa kawowa, za ka ga 1780 a jikinsa, to kada wannan ya ruɗe ka, an ci gaba da buga shi da wannan shekara har bayan ƙarni biyu. Sa'an nan kuɗin kakanninmu na yau da kullum ai wuri ne, shi kuwa ba ƙarfe ba ne, na'ura ba ta jin sa, haka tukwane da gumakan yumɓu.

Akwai kuma doka. A Nijeriya doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, ta hana haƙa don neman kayan tarihi sai da izini, ta hana cinikinsu da fitar da su waje ba bisa ƙa'ida ba, ta kuma ce wanda ya tsinci irinsu ya sanar da hukuma. Nijar ma tana da irin wannan doka. A nan kusa da kai, a Durɓi ta Kusheyi cikin ƙasar Mani, an yi haƙa a 1907 da 1992, aka sami kayan tagulla da zinariya da hauren giwa a kaburburan sarakunan da. Don masana ne suka tono su a tsanake shi ya sa aka san zamaninsu da ƙasashen da Katsinawan da suka yi ciniki da su. Da da dare aka tone aka sayar wa dillali, da tarihin ya tafi ke nan. Maƙabarta da gonar wani kuwa ba sai mun faɗa maka ba.

Shawararmu a nan ita ce, kada ka sayar da san huɗa saboda na'ura, shi ka san abin da yake kawo maka kowace damina. Ka fara kai aninan da munduwar gidan tarihi mafi kusa da kai a duba maka, ka sanar da mai gari, ka ji abin da doka ta yarda da shi a kan kufan nan. In bayan haka sha'awar tana nan, kuma ribar hatsi ta bar maka rara, to ka sayi ta tsaka-tsaki, ko ku haɗa kuɗi ku uku ku saya. Ko ba komai za ta nemo maka bakin garma da ya ɓace, da zoben uwargida, da turakun ƙarfe na iyakar gona.