Kwaɗon Zogale da Ma'aunin Giram 400: Nazarin Cin Ganye a Abuja

Tsakure

Maƙalar ta ƙalubalanci ra'ayin cewa cin ganye da 'ya'yan itatuwa ya fi ƙarfin talakan Abuja, ta kuma nuna matsayin kwaɗo wajen cike giɓin.

Gabatarwa

Tun 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kullum, ban da dankali da rogo, don rage haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wannan ba mu da ja a kansa. Inda muka raba gari shi ne da masu kafa hujja da binciken Victoria Miller da abokan aikinta na 2016, wanda ya gano cewa cika wannan ma'auni na lashe kusan kashi 52 cikin 100 na abin da iyali ke samu a ƙasashe matalauta. Ƙasashe 18 aka nazarta, babu Nijeriya a ciki. Amma sai a ɗauko sakamakon a jingina wa Abuja, ana lissafi da farashin tuffa da inabi, an manta da rama da yakuwa. Sunan "kayan marmari" da ake kiran 'ya'yan itatuwa da shi ma ya taimaka wa wannan kuskure: abin da aka kira marmari ba ya shiga kuɗin cefane.

Hanyar bincike

Mun zagaya kasuwannin Zuba da Wuse da Utako, muka zauna da mata a madafai a Kubwa da Nyanya.

Sakamako

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu kwaɗon zogale ne. Ana dafa ganyen, a tsane ruwan, a matse, sannan a zuba dakakken ƙuli-ƙuli, a yanka ɗanyen tumatir da albasa da tattasai, a ɗiga mai. Dahuwar tana cinye bitamin C mai yawa, musamman idan an jefa kanwa, domin zafi da kanwa duka suna lalata shi. To amma ɗanyen tumatir da tattasai suna mayar da shi, kuma shi ne ke taimaka wa hanji tsotse sinadarin ƙarfe na jikin ganyen, wanda mai juna biyu ke matuƙar buƙata. Shi kuwa man, da shi jiki ke karɓar sinadarin da yake juyawa zuwa bitamin A. Wato haɗin da iyayenmu mata suka gada ya dace da abin da kimiyya ta tabbatar. Abin takaici, a gidajen da muka shiga kwaɗo abin taɓawar la'asar ne, tuwo da shinkafa ke cika kwano, miyar kuma ta sha kanwa.

Iyakokin bincike

Gaskiya ne ba mu auna abinci a sikeli ba, ba mu ɗebi jinin kowa ba, kuma unguwanni biyu ba su wakiltar Abuja. Farashin tumatir ma yakan yi tashin gwauron zabo a farkon damina, lokacin da ba mu samu komawa kasuwannin ba.