Ran Kyanwa: Bakwai Ne Ko Tara?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Zuru, ko a Dabai ko Rikoto ko Senchi, ya san matsayin kyanwa a gindin rumbu. Da zarar an zuba dawa bayan girbi, ita ce mai gadin da ba ta karɓar albashi. Muna yara mun sha ganin muzuru ya suɓuto daga kan jinka ko reshen tsamiya, ya dira a kan ƙafafunsa, ya kaɗe jiki ya yi gaba. Sai manya su ce ai ran kyanwa ba ɗaya ba ne. Wasu su ce bakwai, 'yan boko kuma su ce tara.

Wannan saɓani na lissafi shi ne bakin zaren. Tara dai ta Turawan Ingila ce. Tun a 1546 John Heywood ya sanya zancen cikin littafinsa na karin magana, inda ya kwatanta mace da kyanwa wajen yawan rai (iyayenmu mata su yi mana afuwa, ba mu muka faɗa ba). Shakespeare ma ya ambace shi a wasan Romeo da Juliet. Larabawa kuwa bakwai suke cewa, haka nan mutanen Italiya da Sifen da Jamus. A ganinmu, bakwai ta iso mana ne ta bakin malamai da fatake, tara kuma ta biyo littattafan Turanci da muka karanta a aji.

Akwai masu kai asalin zancen Misira ta zamanin Fir'auna, inda aka bauta wa Bastet, gunki mai kan kyanwa, a birnin Bubastis. Herodotus ya rubuta cewa idan kyanwa ta mutu a can, mutanen gidan kan aske girarsu don makoki. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da cewa manyan gumakan birnin Heliyofolis tara ne. Zance ne mai daɗin ji, amma ya fi kama da hasashe.

Abin da ya tabbata shi ne abin da idonmu ya gani a kan jinka. A 1894 wani masani Bafaranshe, Étienne-Jules Marey, ya ɗauki jerin hotunan kyanwa tana faɗowa. Aka ga tana fara juya gaban jikinta, sannan baya ya biyo, domin cikin kunnenta yana shaida mata ina ne ƙasa, ƙashin bayanta kuma yana da laushi ƙwarai. A 1987 likitocin dabbobi a birnin New York suka ba da rahoton kyanwoyi 132 da suka faɗo daga benaye. Kimanin kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sun rayu, amma da yawa da karaya ko rauni a ƙirji.

'Yan'uwa mazauna benaye a Abuja da Kaduna da Legas, ku gaya wa 'ya'yanku wannan ƙarshen, domin yaro idan ya ji zance sai ya gwada. Lokacin da muke riƙe da makaranta, wasu yara uku sun jefa kyanwa rijiya wai za su ƙirga rayukanta. Malamin addini ya tara su ya karanta musu hadisin matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Kyanwar dai ba ta fito da rai ba, kuma sai da iyayensu suka biya kuɗin yashe rijiyar.