Hayaƙin kwal: Abin da ke cikinsa da yadda yake cutar da jiki

Kwal baƙin ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, saɓanin gawayi wanda ake yi da itace. Ana ƙona shi a tashoshin samar da lantarki da masana'antun ƙarfe da na siminti, a wasu ƙasashe kuma da shi ake girki da ɗumama ɗaki. Mafi yawan illarsa ga lafiya tana fitowa ne daga abubuwan da ido ba ya gani a cikin hayaƙin.

Me ke cikin hayaƙin?

Na farko shi ne ƙananan ɓurɓushi da masana ke kira PM2.5. Sirantarsu ta ninka ta gashin kan mutum kusan sau 30, saboda haka hanci ba ya iya tace su. Suna shiga can cikin huhu, mafi ƙanƙanta kuma su ratsa cikin jini. Yawan shaƙarsu na jawo asma da ciwon huhu da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kuma sankarar huhu.

Na biyu iskar salfa ce, wadda ke fita idan farar wutar da ke cikin kwal ta ƙone. Tana ƙuntata hanyoyin numfashi, kuma masu asma da yara da tsofaffi ne suka fi jin jiki.

Na uku su ne ƙarafa masu guba irin su zaiba da dalma. Zaibar da ta tashi a iska tana faɗawa cikin koguna da tekuna, ta taru a jikin kifi. Idan mai juna biyu ta yawaita cin irin wannan kifi, hakan kan shafi girman ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta.

Abin da ya faru a Landan

Daga ranar 5 zuwa 9 ga Disambar 1952, an yi tsananin sanyi a Landan, mutane suka yi ta hura kwal a gidajensu. Iska ba ta kaɗawa, sai hayaƙin gidaje da na tashoshin lantarki ya haɗu da hazo ya lulluɓe birnin, har motocin ɗaukar marasa lafiya suka daina fita. Ƙiyasin farko ya nuna mutum kusan 4,000 ne suka mutu, amma binciken da aka yi daga baya ya ce adadin zai iya kaiwa 12,000.

Wannan musiba ce ta kai ga kafa dokar tsaftace iska a 1956. A ƙarshen Satumbar 2024 kuma Birtaniya ta rufe tasharta ta ƙarshe mai samar da lantarki da kwal.

Haɗarin cikin gida

Inda ake ƙona kwal a cikin ɗaki, mai girki ce ta fi kowa shaƙar hayaƙin. A gundumar Xuanwei da ke lardin Yunnan na China, an samu sankarar huhu da yawa a tsakanin matan da ba su taɓa shan taba ba, kuma bincike ya danganta hakan da kwal mai hayaƙi da suke girki da shi a murhu marar bututun fitar da hayaƙi. Sashen binciken sankara na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya wannan hayaƙi cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar.

Akwai kuma iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. Tana hana jini ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita, takan kuma kashe mutum yana barci. Kwal da gawayi duk suna fitar da ita, shi ya sa shiga ɗaki da garwashi a rufe ƙofa lokacin hunturu ke da haɗari.

Ana iya rage illar?

Bayan an hana sayar da kwal mai hayaƙi a birnin Dublin na Ireland a 1990, hayaƙi ya ragu sosai a iska, mace-macen da cututtukan numfashi ke jawowa ma suka ragu. A Xuanwei kuwa, gidajen da suka koma murhu mai bututu sun samu raguwar masu kamuwa da sankarar huhu. Ga wanda bai da zaɓin wani makamashi, girki a waje ko kusa da buɗaɗɗiyar taga, da nisanta yara daga murhu, suna rage yawan abin da ake shaƙa.