Yaƙi da Talauci a Khartum da Omdurman: Tallafin Waje, Diwanin Zakka da Tukwanen Unguwa

A watan Satumban 2015 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradun ci gaba guda 17, na farko a cikinsu shi ne kawar da matsanancin talauci daga doron ƙasa kafin shekarar 2030. Wa'adin ya kusa cika, amma alƙawarin bai cika ba. Babban birnin Sudan wuri ne da ɗalibi zai iya gane dalili, domin a can an jarraba hanyoyi uku na yaƙi da talauci: kuɗin da ke zuwa daga waje, zakkar da hukuma ke karɓa da ƙarfin doka, da kuma taimakon da mutanen unguwa ke yi wa junansu. Wannan rubutu zai yi bayanin kowacce, da abin da ta iya da wanda ta kasa.

Ma'aunin talauci a duniya

Bankin Duniya yana auna matsanancin talauci da abin da mutum ke rayuwa a kansa a yini guda. A 2015 ma'aunin dala 1.90 ne, a 2022 aka mayar da shi dala 2.15, a watan Yunin 2025 kuma ya koma dala 3. Bisa wannan sabon ma'auni, mutane sama da biliyan 2 ne ke cikin matsanancin talauci a 1990, yau kuwa sun kai kimanin miliyan 800. Mafi yawan wannan raguwa ta faru ne a Sin da Indiya da sauran ƙasashen Asiya, inda noma ya inganta kuma masana'antu suka ɗauki miliyoyin ma'aikata. Waɗanda suka rage galibinsu suna Afirka kudu da Sahara. Hasashen bankin shi ne, zuwa 2030 kusan kashi 60 cikin 100 na matalautan duniya za su kasance a ƙasashen da ke fama da yaƙi ko rashin tsayayyar hukuma. Sudan na cikin wannan jeri.

Birni uku a mahaɗar koguna biyu

Babban birnin Sudan garuruwa uku ne da ke kallon juna a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu: Khartum, Omdurman da Bahri. Hausawa ba baƙi ba ne a nan. Ta Sudan alhazanmu na dā suke bi da ƙafa zuwa Makka, wasu su tsaya neman guzuri har su zauna dindindin. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya ci gaba da hijira da jama'arsa har suka kafa garin Maiurno a bakin Shuɗin Nilu. Jikokin waɗannan matafiya suna cikin waɗanda suka yi aikin auduga a gonakin Jazira. A zamaninmu kuma ɗalibai da yawa daga Arewacin Najeriya da Nijar sun yi karatu a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da ke Khartum.

Tun kafin yaƙin yanzu akwai tazara mai faɗi tsakanin birnin da sauran ƙasar. Ƙididdigar gidaje ta 2009 ta nuna kashi 46.5 cikin 100 na 'yan ƙasar suna ƙasa da ma'aunin talauci na Sudan. A jihar Khartum kashi 26 ne, a Darfur ta Arewa kuwa kusan kashi 70. Wannan tazara ce ke kora mutane zuwa gefen birnin, inda unguwannin talakawa suka yi ta faɗaɗa babu famfo babu asibiti.

Hanya ta farko: rance da tallafin waje

A shekarun 1970 an yi wa Sudan kirarin rumbun abincin ƙasashen Larabawa. Kuɗin man fetur na yankin Gulf ya kwararo, aka kafa kamfanin sukari na Kenana a 1975, kuma Khartum ta zama mazaunin Bankin Larabawa na Raya Tattalin Arzikin Afirka, wato BADEA. Gwamnatin Ja'afar Numeiri ta ciwo bashi mai yawa don manyan ayyuka, amma da dama ba su kawo ribar da za ta biya bashin ba. A 1978 ƙasar ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka karya darajar kuɗi, aka soma janye tallafin kayan masarufi. Fari ya biyo baya a 1984 da 1985, dubban mutane daga Kordofan da Darfur suka yada zango a bayan garin Omdurman suna neman abin kai wa baka. A watan Afrilun 1985 zanga-zangar tsadar burodi ta kawo ƙarshen mulkin Numeiri.

Daga 1997 zuwa 2017 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin tattalin arziki. A 1999 ƙasar ta fara fitar da man fetur, birnin ya ga sababbin gadoji da dogayen gine-gine. Amma ranar 9 ga Yulin 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle da kimanin kashi uku cikin huɗu na man. Tsadar burodi ce ta sake tayar da jama'a a Disambar 2018, har aka tumɓuke Umar al-Bashir ranar 11 ga Afrilun 2019.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdallah Hamdok ta cire tallafin mai, ta saki darajar fam ɗin Sudan, hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100 a tsakiyar 2021. Domin rage raɗaɗi aka ƙirƙiro shirin Samarat da kuɗin masu ba da tallafi ta hannun Bankin Duniya, wanda aka tsara zai riƙa bai wa kowane mutum kwatankwacin dala 5 a wata, da burin kaiwa ga kashi 80 na jama'a. A watan Yunin 2021 Sudan ta cika sharuɗɗan farko na yafe mata mafi yawan bashinta na sama da dala biliyan 50. Wata huɗu bayan haka, ranar 25 ga Oktoba, sojoji suka yi juyin mulki. Masu ba da tallafi suka ɗage hannu, shirin Samarat ya tsaya, maganar yafe bashi ta daskare. Talakan Omdurman ya sha ɗacin janye tallafi, bai kai ga zaƙin da aka yi masa alkawari ba.

Hanya ta biyu: Diwanin Zakka

Karɓar zakka ta hannun hukuma tsohon abu ne a Omdurman. Bayan faɗuwar Khartum a hannun Mahadi a Janairun 1885, Omdurman ta zama hedkwatar daularsa, kuma a zamanin Halifa Abdullahi ana tara zakka a baitulmali. Har yau akwai unguwa a garin mai suna Baitul Mal. Wannan tsari ya tsaya da zuwan Turawan Ingila a 1898.

A 1980 aka kafa asusun zakka na ganin dama. A 1984 doka ta mayar da biyanta tilas, amma an haɗe ta da haraji. Dokar 1986 ta raba su, ta kafa Diwanin Zakka, sannan dokokin 1990 da 2001 suka faɗaɗa aikinsa. Diwanin yana karɓa daga amfanin gona, dabbobi, kayan kasuwanci, da abin da mutum ya samu ta hanyar sana'a ko sayar da kadara in ya kai nisabi. Rabon yana bin sassa takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, kuma fiye da rabi yana zuwa ga faƙirai da miskinai. Kwamitocin unguwanni ne ke tantance mabuƙata. Ban da abinci da kuɗi, Diwanin ya riƙa biya wa iyalai matalauta kuɗin inshorar lafiya, yana tallafa wa ɗalibai da marayu, yana biya wa waɗanda bashi ya kai su kurkuku, yana kuma raba kayan sana'a da dabbobi don mai karɓa ya tsaya da ƙafarsa.

Fifikon wannan hanya a kan ta farko a bayyane yake. Dukiyar ta cikin gida ce, babu ruwa a kanta, babu sharaɗin wata ƙasa. Wannan shi ne tsarin da Manzon Allah (Sallallahu alaihi wa sallam) ya karantar da Mu'azu ɗan Jabal (Allah Ya yarda da shi) lokacin da ya aike shi Yaman, cewa daga mawadatan al'umma ake karɓa a mayar wa matalautanta.

Duk da haka an yi wa Diwanin suka. Masu suka sun ce kuɗin gudanarwa da albashin ma'aikata suna cin kaso mai yawa, kuma a zamanin al-Bashir an zarge shi da karkata ga magoya bayan jam'iyya mai mulki. Akwai kuma iyakar da ba laifin kowa ba ce: zakka tana girma ne gwargwadon dukiyar masu bayarwa. Idan kasuwa ta ƙone, gona ba ta nomu ba, mai bayarwar jiya shi ne mai karɓar yau.

Hanya ta uku: takiyya

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Khartum tsakanin sojojin ƙasar ƙarƙashin Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF ƙarƙashin Muhammad Hamdan Dagalo. An wawushe bankuna da kasuwanni da rumbunan agaji, ma'aikatun gwamnati suka koma Port Sudan, ofisoshin jakadanci da manyan ƙungiyoyin agaji suka kwashe ma'aikatansu, Najeriya ma ta kwashe ɗalibanta. Mutane sama da miliyan 12 suka bar muhallansu, kusan rabin al'ummar ƙasar suka shiga matsananciyar yunwa, kuma a watan Agustan 2024 aka tabbatar da bala'in yunwa a sansanin Zamzam da ke Darfur.

Abin da ya rage wa waɗanda suka maƙale a birnin shi ne takiyya, jam'inta takaya. Asalinta wurin ciyarwa ne a zawiyoyin malamai da makarantun allo da ake kira halwa, inda baƙo da almajiri da matafiyi ke cin abinci ba a tambaye su daga ina suke ba. Mutanen Sudan suna da al'adar nafir, wadda ita ce gayyar Bahaushe, kuma sun shahara da shimfiɗa buɗa-baki a bakin titi a watan Ramadan, har su tare matafiya su sauko da su. A kan wannan gado ne matasan unguwanni suka kafa Ɗakunan Agajin Gaggawa. Da yawansu sun fito ne daga kwamitocin unguwanni na zanga-zangar 2019. Sukan girka manyan tukwane a masallaci ko makaranta ko tsakar gidan wani, a dafa wake ko adas ko shinkafa, kowane gida ya aiko da kwanonsa. Ga iyalai da yawa wannan ne abincin yini guda. Sun kuma gyara famfunan ruwa, sun buɗe ƙananan asibitoci, sun binne mamata.

Kuɗin yana zuwa daga 'yan Sudan mazauna ƙetare ta manhajar Bankak, daga baya ƙungiyoyin waje suka ƙara nasu. A nan ne rauninsu ya bayyana. Da layukan sadarwa suka yanke a Fabrairun 2024, tukwane da yawa sun sauka saboda kuɗi ba ya isowa. A Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa a ƙetare, kuma cikin 'yan makonni masu gudanar da ɗakunan suka ce wuraren girki sama da 1,100 sun rufe, kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suke da su. An kuma kama wasu daga cikin 'yan sa-kan, an kashe wasu. A 2025 an karrama su da lambobin yabo na Rafto da Right Livelihood. A watan Maris na shekarar sojoji suka sake karɓe Khartum, mutane suka fara komawa gidajen da babu wuta babu ruwa.

Ina aka dosa?

Tun 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi ƙasashe masu arziki su riƙa ba da kashi 0.7 cikin 100 na abin da suke samu a matsayin tallafi, amma ƙalilan ne suka taɓa cikawa. A 2025 an rufe hukumar USAID, Birtaniya kuma ta sanar da rage nata daga kashi 0.5 zuwa 0.3. Duk mai tsara yaƙi da talauci yanzu dole ya yi lissafi da ƙarancin kuɗin waje. Abin da ya faru a Khartum da Omdurman ya bar darussa huɗu.

Na farko, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Abin da aka gina a shekara 50 yaƙi ya rushe shi cikin watanni, kuma babu asusun da zai iya cike wannan gurbi.

Na biyu, tallafin waje yana ceton rai, bai kamata a raina shi ba. Amma makullinsa yana hannun wani, kuma ana iya rufe shi saboda juyin mulki a gida ko sauyin gwamnati a can. Bahaushe ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala, haka ma dogaro da tukunyar maƙwabci.

Na uku, zakka tana da ƙarfi gwargwadon amanar masu riƙe ta. Hukumomin zakka da waƙafi na Sakkwato da Kano da Zamfara, da kwamitocin masallatanmu, suna da abin koyi a nan: a bayyana abin da aka tara da inda ya tafi, a taƙaita kuɗin gudanarwa, a nesanta rabon daga siyasa, a kuma fifita jarin da zai mayar da mai karɓa mai bayarwa.

Na huɗu, mutanen unguwa su ne na farkon zuwa kuma na ƙarshen tafiya, don haka ya dace a riƙa ba su kuɗin agaji kai tsaye. Sai dai takiyya tana hana mutuwa ne kawai. Fitar da al'umma daga talauci yana buƙatar gona mai ruwa, makaranta, asibiti, wutar lantarki da kasuwar da ɗan kasuwa zai buɗe ba tare da tsoro ba, kuma waɗannan aikin hukuma ne mai adalci.

Muna roƙon Allah Ya kawo wa 'yan uwanmu na Sudan ƙarshen wannan fitina, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya saka wa masu ciyar da su da alheri, Ya kuma kare ƙasashenmu daga irinta. Amin.