Agwagin Zamfara da Ɓerayen Haldane

Wata uwa ta tsaya a tagar ɗakin magani ta tambaye ni ko iskar oksijin za ta dawo da ƙwaƙwalwar ɗanta da gubar dalma ta taɓa. Ta ji ana sanya mutane, har da karnukan da suka ci guba, cikin wani ɗaki mai matsin iska a ƙasashen waje. Amsar tana cikin tarihi.

A shekarar 1895, masanin Birtaniya John Scott Haldane ya nuna cewa ɓera na iya rayuwa cikin gubar hayaƙin gawayi muddin yana shaƙar oksijin mai matsi. Wannan guba, wadda ita ce ke cikin hayaƙin janareta, tana kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Matsin kuwa yana narkar da oksijin cikin ruwan jini, ya kuma gaggauta korar gubar. A 1960 likitoci a birnin Glasgo suka yi wa mutane wannan magani.

Dalma ba haka take ba. Ƙarfe ce da ke zama a jini da ƙashi, oksijin ba ya fitar da ita. A farkon 2010 agwagi suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinari a cikin gidaje, ba a fahimci gargaɗin ba. Yara fiye da 400 suka rasu, da yawa bayan jijjiga. Abin da ya ceci saura shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, da maganin succimer da ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayar, mai ɗaure dalma ya fitar da ita ta fitsari. Shi ma rage gubar yake yi, ba ya gyara abin da ya riga ya lalace a ƙwaƙwalwa.

Saboda haka, jama'ar Bungudu, idan kaji, agwagi ko karen gida suka soma faɗuwa kusa da wurin niƙan dutse, a nisantar da yara, a kai su asibiti a nemi gwajin jini tun kafin jijjiga. Ita kuwa uwar, na ce ta riƙe maganin jijjigarsa a kan lokaci, kada yaron ya koma cikin ƙurar. Allah ya ba shi lafiya.