Tarihin Kwabo Mai Huji da Anini

Kafin zuwan Turawa, da kuɗin wuri ake ciniki a Kasuwar Kurmi ta Kano. Wuri kuwa nauyi gare shi, har idan ciniki ya yi girma sai an nemi jakin da zai ɗauki kuɗin. Turawa suka ci Kano a 1903, a 1907 kuma aka buga wa ƙasar nan kuɗin ƙarfe nata na farko, watau kwabo da anini. Anini goma su ne kwabo, kwabo goma sha biyu su ne sule.

Aninin farko da sanholo aka yi shi, yana cikin kuɗin sanholo na farko da aka kashe a duniya. Amma sanholon bai jure wa gumi da damina ba, ya riƙa zagwanyewa. Saboda haka a 1908 aka koma yin anini da farin ƙarfe, irin na kwabo.

Dukansu biyu an huda su a tsakiya, har mutane suka riƙa shirya su a zare kamar yadda suka saba yi wa wuri. A fuska ɗaya akwai kambi da sunan Sarkin Ingila, da darajar kuɗin cikin Turanci da Larabci. A ɗaya fuskar akwai tauraro mai tsini shida, wanda ake kira hatimin Annabi Sulaimanu, da shekarar da aka buga kuɗin. Tauraron nan ya zauna a bakin jama'a, har tauraron da ke kafaɗar hafsan soja ma anini ake ce masa.

Hujin nan ya hana a sa hoton sarki, wannan kuwa ya jawo wani abin mamaki. Sarki Edward na Takwas ya hau gadon sarauta a Janairu 1936, ya yi murabus a Disamba. A Ingila ba a kai ga fitar da kuɗi mai hotonsa ba. Amma a Afirka ta Yamma, da yake suna kaɗai ake bukata, an buga kwabo da ɗari da anini da sunansa, an kashe su a kasuwa. Daga 1952 aka koma yin kwabo da tagulla. A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗinsa, ya bar wa kwabo hujinsa da tauraronsa, amma bai buga anini ba. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam. Sabon kwabo, wanda ɗari nasa ke yin naira, ya fito ba huji, da hoton rijiyoyin mai.

To, har yanzu akan tsinci tsofaffin kwabbai a ƙasan adudun tsohuwa, ko a gona wajen Zawaciki idan garma ta tono su. Wani ya auna wa 'yan gwangwan su a matsayin ƙarfe, wani kuma ya zaci ya sami dukiya. Duka biyun sun yi gaggawa. Masu tara tsofaffin kuɗi ba tsufa kaɗai suke saye ba, abu uku suke dubawa. Na farko shekara, gama wata shekarar an buga da yawa, wata kaɗan. Na biyu ɗan harafin maƙera: H ko KN na nufin maƙeru biyu na Birmingham, wanda ba harafi kuwa yawanci na Landan ne. Na uku lafiyar kwabon, watau ko rubutunsa bai suɗe ba.

Kwabon Edward na 1936 an buga shi da yawa, don haka ba shi da tsada ƙwarai. Wanda ake nema ruwa a jallo shi ne wanda maƙera suka yi kuskure a kansa. Akwai kwabon 1956 mai ɗauke da sunan Sarki George na Shida, alhali ya rasu tun 1952.

Wanda ya sami tsohon kwabo kada ya goge shi da toka ko yashi, gama gugar tana karya darajarsa. Ya karanta sunan, ya karanta shekarar, ya nemi harafin. Wanda ya iya karatu ba a saye masa kwabo a kan kuɗin ƙarfe, ba a kuma ruɗe shi da farashin ƙarya.